Marigayi Fela Anikulapo-Kuti, Makaɗin Da Ba Shi Da Ubangida

Duk mutumin Arewa da ke zaune a Agege, in zai gangara cikin Ikko ta tsohuwar hanya, tilas ya ratsa Ikeja da Oshodi da Mushin kafin ya kai mararrabar Moshalashi. Wannan titi shi ake kira Agege Motor Road, kuma da wuya a sami ɗayanmu da bai taɓa shan zafin rana a cikin cunkoson motocinsa ba. To, gab da Moshalashin nan, a unguwar Idi-Oro, a da akwai wani gidan bene mai lamba 14 wanda aka kewaye da waya. Yau ko alamarsa babu, gama soja sun ƙone shi ƙurmus ran 18 ga watan Fabrairu, 1977. Mai gidan shi ne makaɗin nan Fela Anikulapo-Kuti, wanda za mu ba da tarihinsa a wannan fili.

Na san da yawa daga cikin masu karatu, musamman dattawanmu na Agege da Idi-Araba, abu biyu suka riƙe game da mutumin nan, watau shan tabar wiwi da auren mata ashirin da bakwai a rana ɗaya. Duka biyun gaskiya ne, kuma za mu zo kansu. Amma akwai wani abu a sha'aninsa wanda ya kamata Bahaushe ya fi kowa ganewa. A ƙasarmu makaɗin fada ba ya zama haka kawai, sai da ubangida, kamar yadda Narambaɗa ya zauna ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa. Yakan wasa ubangidansa, sa'an nan ya juya ya yi wa masu ja da shi zambo, ya siffanta su da dabbobin dawa, kuma ba abin da zai same shi domin yana cikin inuwar sarki. Shi Fela ya iya zambo kamar kowane makaɗin fada, sai dai ba ya cikin inuwar kowa, kuma wanda yake yi wa zambon shi ne mai riƙe da ƙasa da bindiga a hannu.

An haife shi a Abeokuta ran 15 ga watan Oktoba, 1938, aka raɗa masa suna Olufela Olusegun Oludotun Ransome-Kuti. Gidansu gidan boko ne da coci. Kakansa, J. J. Ransome-Kuti, limamin Kirista ne mai tsara waƙoƙin coci da Yarbanci, har an ɗauki muryarsa a faifan garmaho a Landan a shekarun 1920. Ubansa, Rabaran Israel Ransome-Kuti, shi ne shugaban makarantar Abeokuta Grammar School, kuma shi ne shugaban farko na ƙungiyar malaman makaranta ta Nijeriya. Mutum ne mai tsanani, bulala ba ta nisa da hannunsa, 'ya'yansa ma ba su tsira ba. Ya rasu a 1955.

Amma in ana neman inda Fela ya gado taurin kai, sai a dubi wajen uwa. Funmilayo Ransome-Kuti ita ce ta ja matan kasuwar Abeokuta suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada saboda harajin da aka ɗora wa mata, har Alake Ademola ya sauka daga gadon sarauta na ɗan lokaci a farkon 1949. Labarin nan ya kai Arewa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, tun tana da ƙuruciya a jam'iyyar NEPU, ta yi takakkiya har Abeokuta don ta gana da ita. Su ma matan Abeokuta da waƙa suka yi yaƙinsu, suna jifan sarki da habaici dare da rana, Fela kuwa yana ɗan shekara tara ko goma yana gani.

Yayansa Olikoye da ƙanensa Beko duk likita suka zama. Shi kuwa da ya tafi Landan a 1958 sai ya shiga makarantar kiɗa ta Trinity College of Music, ya koyi busa ƙahon Turawa irin na badujala. A can ya kafa ƙungiyarsa ta farko, Koola Lobitos, ya auri Remilekun Taylor, uwar Yeni da Femi da Sola. Ya komo gida a 1963, ya kama aiki a gidan rediyon tarayya a Ikko, yana kiɗan hailaif gauraye da jaz na baƙaƙen Amurka. A 1964 ya haɗu da Tony Allen, makaɗin gangunan Turawa, wanda zai zauna da shi wajen shekara goma sha biyar. Kiɗan nasu na lokacin yana da gwaninta, amma bai ja jama'a ba. Sai ga wani mutumin Saliyo, Geraldo Pino, ya dira Ikko a tsakiyar shekarun 1960 da manyan lasifikoki da jita mai lantarki, yana kwaikwayon James Brown, ya kwashe samari da 'yammata kaf. Fela da kansa ya sha faɗa daga baya cewa ganin wasan Pino ya karya masa gwiwa, kuma a nan ya gane cewa kiɗa, ban da daɗi, yana bukatar nauyi.

A 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya kwashi yaransa suka tafi Amurka, suka yi wajen wata goma, yawanci a Los Angeles, cikin talauci da rashin takardun aiki. A can ya sadu da wata mace baƙar fata, Sandra Smith, mai alaƙa da 'yan gwagwarmayar Black Panther, ita ta ba shi tarihin Malcolm X ya karanta. Abin mamaki, ɗan gidan Funmilayo sai da ya ƙetare teku kana ya fara tunanin Afirka. Ya komo Ikko a 1970 da sabon kiɗa wanda ya kira Afrobit, ya sa wa ƙungiyar suna Africa 70. Waƙarsa Jeun Ko Ku, wadda ta yi wa mai haɗama ba'a, ita ta fara cika kasuwa. Daga nan ya rage Yarbanci ya koma Turancin buroka, domin ɗan dako da direba da mai gadi, ko daga wace jiha suka fito, su ji abin da yake faɗi. A 1975 ya yar da sunan Ransome, wai sunan bauta ne, ya ɗauki Anikulapo, ma'anarsa wanda ya sa mutuwa a cikin jakarsa.

Yanzu bari mu shiga gidan rawar, domin wanda ya san Fela a faifai kaɗai rabinsa ya sani.

Wajen 1972 ya karɓi filin otal ɗin Empire, tsallaken titi daga gidansa, ya sa masa suna Afrika Shrine, watau wurin tsafin Afirka. Fili ne mai kwanon rufi a gefe-gefe, tsakiyarsa a buɗe. A bakin ƙofa masu tsire da masu taba da masu sayar da abinci sun kunna fitilu, titi ya cika da mutane tun kafin sha biyun dare. Ƙungiyar takan fara kiɗa ba tare da shi ba. Shi ba ya fitowa sai wajen ƙarfe ɗaya ko biyu, ya ƙetaro titi da ayarinsa, motoci su tsaya cik har ya wuce. Akwai lokacin da yake hawan jaki ya ƙetaro, jakin kuwa ya sa masa suna Yakubu, ga Janar Gowon yana kan mulki. Da ya shiga sai hannaye su tashi sama a dunƙule.

A kan dandamali akan sami mutum ashirin ko talatin. Ga masu jita biyu da mai jita mai kauri, ga Tony Allen a bayan gangunansa, ga masu dogayen ganguna na hannu, ga mai caki da mai buga 'yan sanduna, ga jerin masu busa, a cikinsu har da Lekan Animashaun da babban saksofon ɗinsa mai gurnani kamar bijimi. A gefe 'yan amshi mata sun yi zane a fuska da farar ƙasa, masu rawa kuma kowace tana kan ɗan dakalinta. Yadda ake gina kiɗan shi ne abin kallo. Jita ɗaya za ta kama wani gajeren zango ta yi ta nanata shi ba ta sauyawa. Ta biyu ta shigo da nata ta sarƙa a jikin na farko. Sai mai kauri, sai caki, sai ganguna, kowa da nasa zango, kamar yadda mata huɗu ke daka a turmi ɗaya taɓarya ba ta karo da taɓarya. In abin ya zauna daram, sai masu busa su faɗo gaba ɗaya, ka ji kamar an banko ƙofa. Fela ya zauna kan molon lantarkinsa mai kama da fiyano, ko ya ɗauki saksofon, a yi minti goma ko goma sha biyar ba a ce uffan ba. Sai jikin kowa ya mutu da rawa, kana ya matso ga abin magana ya fara waƙa, yana bayarwa mata suna amsawa. Wanda ya taɓa tsayawa gaban Alhaji Mamman Shata yana jin kalangai sun ɗauka, 'yan amshi suna cafewa, ba zai ji wannan tsari baƙo ba. Waƙa ɗaya takan ci rabin sa'a, wani lokaci fiye, kuma ba a tashi sai gari ya kusa wayewa.

Tsakanin waƙa da waƙa yakan tsaya ya yi abin da suke kira yabis, watau zagi cikin raha. Ya ɗauko labarin da jaridu suka buga a makon, ya kama sunan gwamna ko kwamishina ko babban ɗan kasuwa, ya tsige shi tas, jama'a suna shewa. Mutumin da ke zaune a gaba ma bai tsira ba, in kansa ya cika girma ko rigarsa ta yi masa yawa. A zamanin da babu majalisa, babu jam'iyya, jarida kuma tana taka-tsantsan, wannan fili ya zama wurin da talakan Ikko ke jin an faɗi abin da ke cikinsa da babbar murya.

Yana da wata ɗabi'a kuma wadda ta sa zuwa Shrine ya zama tilas ga masu sonsa. Sabuwar waƙa a can ake fara jin ta, a yi watanni ana kaɗa ta ana gyarawa. Ranar da ya ɗauke ta a faifai, to, ya sallame ta ke nan, ba ya sake kaɗa ta a gaban jama'a ko an roƙe shi. Wannan ya jawo masa asara babba a ƙasashen Turawa, inda mutum ke biyan kuɗi don ya ji abin da ya riga ya sani. Kamfanonin faifai sun yi ta lallashinsa ya gajarta waƙoƙinsa yadda rediyo zai iya sa su, ya ƙi.

Labarin wannan fili ya kai ga manyan makaɗan duniya. A Ingila, a ƙarshen shekarun 1960, samari sun fito da wani kiɗa na jita mai lantarki da ganguna, wanda ake ƙure wa murya har ƙasa ta riƙa girgiza. Ƙungiyoyi irin su Led Zeppelin da Black Sabbath ta birnin Birmingham su suka kai shi inda aka sa masa suna hebi metal, watau ƙarfe mai nauyi, kuma masu zuwa kallonsa sukan tafi ne don ƙarar ta doke su a ƙirji. Kafin waɗannan an yi wata ƙungiya ta mutum uku mai suna Cream, daga 1966 zuwa 1968. Makaɗin gangarta, Ginger Baker, Bature ne mai jan gashi da zafin rai, yana taka manyan gangunan ƙafa biyu a lokaci guda, abin da makaɗan hebi metal suka ɗauka daga baya, ko da yake shi ya tsani a jingina shi da su. Ya san Fela tun zaman Landan. A 1971 suka ɗauki faifai tare a Landan a gaban 'yan kallo kaɗan, aka fitar da shi da sunan Live. A shekarar kuma Baker ya tuƙo mota ya ratsa hamadar Sahara har Nijeriya, ya zauna a Ikko, ya gina ɗakin ɗaukar faifai a Ikeja wanda aka buɗe a 1973. Mutumin da ya cika manyan filayen Ingila da Amurka ya zo Mushin yana koyon yadda Tony Allen ke raba gaɓoɓinsa huɗu kowace da nata kiɗa. A ganina bambancin kiɗan biyu a fili yake. Nauyin na Turawan daga ƙarfin lasifika yake fitowa, ya buge ka nan take. Na Fela daga yawan hannaye da nanatawa yake taruwa, a hankali, har ka rasa lokacin da ya danne ka.

Yaran James Brown ma, da suka zo wasa Ikko a ƙarshen 1970, sun je sun kalli Fela a gidan rawar da yake kafin Shrine, suka koma suna ba da labari. A 1973 Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya zo ɗaukar faifansa Band on the Run a ɗakin kamfanin EMI da ke Apapa. Fela ya hau dandamali ya zarge shi da zuwa satar kiɗan baƙar fata, sai da McCartney ya kira shi ya kunna masa abin da ya ɗauka ya ji babu kiɗan Afirka a ciki. Duk da haka McCartney ya sha ba da labarin daren da ya je Shrine, cewa kiɗan ya sa shi hawaye.

Rigima da hukuma ta fara tsanani a 1974. A watan Afrilu 'yan sanda suka kama shi kan wiwi suka tsare shi a Alagbon. Ba a jima ba suka komo, ya ce su suka zo da ƙullin wiwin don su maƙala masa, ya fizge ya haɗiye. Aka tsare shi ana jiran ya yi bayan gida a kai asibiti a auna, 'yan ɗakinsu suka taimake shi ya yi nasa a ɓoye, abin da aka auna ya fito babu komai. Ya fito ya mai da abin waƙa, Expensive Shit, Ikko duk ta ɗauka ana dariyar 'yan sanda. Ɗakin da aka tsare shi fursunoni suna kiransa Kalakuta, sai ya sa wa gidansa wannan suna, ya ce jamhuriya ce mai zaman kanta. A watan Nuwamba 'yan sanda suka fasa gidan da barkonon tsohuwa da kulake, suka kwantar da shi a asibiti.

Sai waƙar Zombie a 1976. A cikinta ya kwatanta soja da gawar da aka tayar da tsafi, ba ta motsi sai an ba ta umurni, ba ta tunani sai an ce ta yi. Yara a titi suka riƙa bin soja suna kiransu da wannan suna. Masu karatu su tuna lokacin: ba a daɗe da kashe Janar Murtala Muhammed ba, Laftana-Janar Olusegun Obasanjo, mutumin Abeokuta kamar Fela, shi ke riƙe da ƙasa. Daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977, aka yi bikin FESTAC a Ikko, baƙi daga ƙasashe fiye da hamsin. Fela ya fice daga kwamitin shirya bikin, ya ce ɓarnar kuɗi ce, ya buɗe nasa a Shrine kowane dare. Manyan baƙin gwamnati, har da Stevie Wonder, suka riƙa sulalewa zuwa Mushin suna jin ana zagin mai masaukinsu.

Kwana shida da rufe bikin, bayan wata hatsaniya tsakanin yaran gidan da wasu soja a kan titi, soja wajen dubu suka kewaye Kalakuta. Suka sa wa injin wutar gidan wuta, suka karya waya suka shiga. An yi wa maza dukan kawo wuƙa, an ci mutuncin mata. An ji wa Fela munanan raunuka, haka ƙanensa Dokta Beko, wanda ƙaramin asibitinsa ke cikin gidan. Uwarsu, tana da shekara 76, aka jefo ta daga tagar bene. Gida da motoci da kayan kiɗa da faya-fayan da ba a fitar ba duk suka ƙone. Kwamitin binciken da gwamnati ta naɗa ya ce wani soja da ba a san ko wane ne ba shi ya sa wutar. Gwamnati ta ƙwace filin, aka tashi maƙwabta da ba su ci ba ba su sha ba, aka rufe Shrine. Ƙarar da iyalin suka kai suna neman diyyar Naira miliyan 25 kotu ta kore ta. Funmilayo ba ta sake samun lafiya ba, ta rasu ran 13 ga watan Afrilu, 1978.

Ko mutum yana ƙin Fela kamar me, wannan abu zalunci ne, kuma har yau ba a hukunta kowa a kansa ba. Shi kuwa bai yi shiru ba. Ya yi Sorrow Tears and Blood, ya yi Unknown Soldier yana ba'a ga hukuncin kwamitin. A ƙarshen Satumba, 1979, ana gab da miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari, ya ɗauki akwatin gawa shi da mutanensa suka kai ƙofar barikin Dodan suka ajiye, alamar cewa mai gidan ya karɓi gawar da ya jawo. Wannan ma ya zama waƙa, Coffin for Head of State.

To, sai maganar da na ce za mu zo kanta. A watan Fabrairu, 1978, shekara guda da ƙone gidan, ya auri mata 27 a zama ɗaya bisa al'adar Yarbawa, yawancinsu 'yan amshinsa da masu rawarsa. Hujjarsa ita ce matan sun sha wuya tare da shi, ba su da matsuguni, ana kiransu 'yan iska, aure zai ba su suna. A 1986 kuma ya saki duk waɗanda suka rage tare da shi, ya ce ya daina yarda da aure. Ra'ayinsa kan mata, kamar yadda ya fito a waƙar Lady, bai yi kama da na ɗan matar da ta kori sarki ba. Wiwi kuwa a fili yake sha, yana tallarta, kuma samari da yawa da suka bi shi a kan wannan ba su ƙare da kyau ba. Daɗin daɗawa, a Shuffering and Shmiling ta 1978 ya haɗa Musulunci da Kiristanci ya yi musu kuɗin goro, ya ce addinan baƙi ne da ke sa talaka haƙuri da wahala shugabanninsu suna jin daɗi. A Shrine yana da wurin tsafi, yakan tsai da kiɗa ya yi yanka da zube-zube. Babu Musulmin da zai bi shi nan. Abin da zan ce kawai, mutumin da ke matse a cikin bas ɗin molue na wannan waƙa, wanda ya koma gida babu ruwa babu wuta, ɗan sanda ya mare shi a hanya, ba a tambaye shi addininsa ko garinsu ba, kuma da yawa cikinmu mun shiga wannan mota.

Ya so ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979 da jam'iyyarsa Movement of the People, hukumar zaɓe ta FEDECO ta ƙi yi mata rajista, ta bar biyar kawai: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP ta Malam Aminu Kano. Siyasar nan ta ci masa ƙungiya. Bayan wasan da suka yi a Berlin a ƙarshen 1978, yawancin makaɗansa suka watse kan maganar kuɗi, Tony Allen ma ya kama gabansa. Ya tara sababbi ya kira su Egypt 80, ya buɗe sabon Shrine a titin Pepple da ke Ikeja, ya ci gaba da kama suna. A waƙar ITT ya haɗa Cif M. K. O. Abiola da Obasanjo ya kira su ɓarayi.

A watan Yuni, 1984, ya yi wasa a babban taron kiɗa na Glastonbury a Ingila, a filin da aka saba jin masu jita mai ƙara. A watan Satumba yana shirin tashi zuwa Amurka aka kama shi a filin jirgin sama na Murtala Muhammed, wai ya fita da kuɗin waje, fam 1,600 na Ingila, ba bisa ƙa'ida ba. Zamanin Manjo-Janar Muhammadu Buhari ne, kotun musamman ta ɗaure shi shekara biyar. A cikin gidajen yarin da aka zaga da shi har da na Maiduguri. Ƙungiyar Amnesty International ta ɗauki maganarsa, ta ce fursunan siyasa ne. Janar Ibrahim Babangida ya sake shi a watan Afrilu, 1986, bayan ya yi kusan wata ashirin, sa'ad da labari ya bazu cewa alƙalin da ya ɗaure shi ya same shi a asibiti ya ba shi haƙuri. Wata biyu da fitowarsa yana kan dandamali a filin wasa na Giants kusa da New York, a taron da Amnesty ta shirya. A 1989 ya fitar da Beasts of No Nation, bai manta da waɗanda suka ɗaure shi ba.

Shekarun 1990 sun same shi da rauni. Faya-fayai suka ragu, ko da yake bai daina wasa a Shrine ba. A 1993 aka tsare shi kan tuhumar kisan kai, daga baya maganar ta mutu. A watan Afrilu, 1997, hukumar hana fataucin miyagun ƙwayoyi ta kama shi ta nuna shi a talabijin da ankwa a hannu, duk wanda ya gan shi ya san ba shi da lafiya. Ya ƙi maganin asibiti har sai da abin ya fi ƙarfinsa. Ya rasu ran 2 ga watan Agusta, 1997, yana da shekara 58. Kashegari yayansa Farfesa Olikoye, wanda ya yi ministan lafiya a zamanin Babangida, ya tara 'yan jarida ya faɗa musu cewa cutar ƙanjamau ce ta kashe shi, cutar da shi Fela ya yi ta musun akwai ta. A lokacin iyalai ɓoye irin wannan suke yi, kuma faɗin da Olikoye ya yi ya buɗe idon mutane da yawa.

An ajiye gawarsa a dandalin Tafawa Balewa cikin akwatin gilashi, jama'a suka yi ta wucewa. Ran 12 ga watan Agusta aka binne shi a ƙofar gidansa na titin Gbemisola a Ikeja, bayan taron da ya toshe hanyoyin Ikko na sa'o'i masu yawa, zamanin Janar Sani Abacha, lokacin da ba a yarda mutane su taru ba. Gidan ya zama gidan tarihi a 2012, rigunansa da takalmansa suna nan a jere.

Ɗansa Seun ya karɓi Egypt 80 yana ɗan shekara goma sha huɗu. Femi da Yeni suka buɗe New Afrika Shrine a Agidingbi a shekara ta 2000, tafiya kaɗan daga Agege, kuma shugaban Faransa Emmanuel Macron ya ziyarci wurin a 2018. Tun 1998 ake yin bikin tunawa da shi, Felabration, a makon haihuwarsa cikin watan Oktoba, inda makaɗa ke hawa ɗaya bayan ɗaya suna kaɗa tsofaffin waƙoƙin da shi ya ƙi maimaitawa. Filin tsohon gidan na Idi-Oro kuwa makaranta aka gina a kansa, in mota ta tsaya da kai a Moshalashi da safe za ka ga yara da kayan makaranta suna shiga.